Ranar da Baba Zaga Ta Ɓoye Sandarta

A ƙauyenmu, idan ka tambayi tsohuwa yaya jiki, cewa za ta yi da sauƙi, ko da a gadon asibiti ka same ta ana yi mata ƙarin ruwa. Haka aka raine mu a wannan tsauni na gabashin Sabiya, kuma babu alamar za mu canza. Amma ko a cikinmu Zagorka, wadda yara da manya ke kira Baba Zaga, wato Kaka Zaga da yarenmu, ta yi zarra. Ita ba ta tsayawa a kan da sauƙi. Juyo maka da tambayar za ta yi, ta ce kai ne ka rame, zauna ta ba ka abin da za ka sa a baki.

Tana budurwa ta auri Stanoye, ta tare a gidansa na ƙarshen hanya, mai kurangar inabi a kan rumfar ƙofa. Tun daga nan ba ta sake kwana a wani wuri ba, in ka cire haihuwar ɗanta Predrag a asibiti. Sana'arta saƙar darduma. Fiye da rabin rayuwarta a gaban masaƙa ta yi shi, dardumominta suka tafi ƙasashen da ko sunansu ba ta sani ba, suka bar ta da yatsu a kanannaɗe kamar ɗanyar citta, da bayan da ba ya miƙewa sai an lallaɓa shi. Stanoye ya rasu, Predrag ya tafi Ostiriya neman abinci kamar sauran samarin garin. Abin da ya rage mata shi ne kajinta, da inabinta, da tiren baƙi.

Wannan tire shi ne mutuncinta. Duk wanda ya tsallako ƙofarta, ko mai duba mitar wuta ne, sai ya zauna an kawo masa slatko, inabin da aka dafa cikin sukari har ya yi kauri. Ya sha cokali guda, ya bi da ruwan sanyi, sannan gahawa ta biyo baya. Uwar gida ce ke kawowa, a tsaye, da hannunta, baƙo kuwa ba ya taɓa komai a madafi. Gidan da baƙo ya fita da busasshen baki, za a daɗe ana zancensa a bakin coci.

Da jiki ya ƙi, ƙaramar hukuma ta ba ta Dobrila, ɗaya daga cikin matan da ake biya su riƙa bin gidajen tsofaffi da naƙasassu. Sau uku a mako Dobrila ke hawo dutsen nan a kan kekenta, mace kakkaura mai yawan surutu. Ta hura murhu, ta shigo da itace, ta yi wa tsohuwa wanka, ta taje mata kai, ta ɗora tukunyar wake da za ta kai ta har zuwa na gaba. Predrag ya daɗe yana cewa uwarsa ta koma gidan tsofaffi a birnin Nish, inda akwai nas da ɗaki mai ɗumi. Amma shi da bakinsa ya ce muddin akwai mai leƙa ta, ya yi shiru. Ashe ke nan ba abin da ya tsaya tsakanin Baba Zaga da wancan gida sai Dobrila da kekenta.

A ƙarshen zafin bana gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kuɗin da ake turo wa ƙananan hukumomi ya ragu, su kuma suka duba inda za a yanka ba a ji ihu ba. Wa zai ji ihun tsohuwa daga kan dutse? Aka ce za a rage yawan waɗanda ake zuwa wa gida, kuma za a turo ma'aikaciya ta duba kowa da idonta.

"Baba Zaga, ki buɗe kunne ki ji ni," in ji Dobrila tana taje mata kai. "Matar da za ta zo jibi ba ziyara ce ta kawo ta ba. Zuwa za ta yi ta ga wa ke iyawa da kansa a cire shi. Ki bar gidan nan yadda yake, ki ajiye sandarki a gabanki."

"'Yar ina ce?"

"Daga ofis take, cikin gari."

"'Yar birni ke nan. To 'yar birni za ta shigo gidan Stanoye ta tarar da bokitin fitsari a gindin gado? Ta koma ta ce me? Ɗauko tsintsiya, 'yar nan."

"Ba abin da za ta ce, rubutawa kawai za ta yi."

"Wannan ai ya fi muni."

Dobrila ta yi magiya, ta yi faɗa, har ta rantse ba za ta taɓa tsintsiya ba. Tsohuwa ta ce shi ke nan, ta jawo sandarta mai ƙafa huɗu za ta share da kanta. Wa zai tsaya kallon wannan? Dobrila ta fizge tsintsiyar tana mita. Kafin yamma an goge taga, an canza labule, an kai bokiti da sanda ɗakin kaji an rufe. Ta sassauta murfin kwalbar slatko, ta jera komai a kan tire ta ajiye dab da tebur. Ranar zuwan baƙuwa ta yi sammako ta sa wa tsohuwa rigar coci, ta ɓalla mata maɓallai, ta dafa gahawa ta bar ta a gefen murhu. Baba Zaga ta haɗiye ƙwayar ciwon gaɓoɓi ninkin abin da likita ya ce.

Ma'aikaciyar, Olivera, ta iso da hantsi, takalmanta duk ƙura, idanunta na wadda ta gaji da gidajen mutane. Ta tarar da tsohuwa tsaye ƙyam a bakin ƙofa, ta dafa ƙyaure kamar don yanga. Aka zaunar da ita, tire ya iso gabanta ba abin da ya zube.

"Baba, kina iya wanka da kanki?" in ji Olivera.

"'Yar nan, dube ni da kyau. Na yi miki kama da wadda ba ta wanka?"

"Girki fa? Hura murhu?"

"Wannan gahawar da kike sha daga sama ta faɗo? Ƙara cokali, kin rame. Ba sa ba ku abinci a ofishin ne?"

"To Dobrila me take yi miki in ta zo?"

"Hira. Yarinyar kirki ce, tana ɗebe mini kewa."

Da baƙuwa ta fita, Baba Zaga ta sulale a kan benci, ba ta iya tashi ba sai da Dobrila ta dawo ta kinkime ta zuwa gado. Amma fuskarta fal murna. Abin da ta fara faɗa shi ne baƙuwar ta sha cokali biyu.

Ba a jima ba labari ya zo an cire Baba Zaga daga cikin waɗanda ake zuwa wa gida. Maƙwabcinta Tihomir kuwa, tsohon kwandastan bas, an bar masa tasa mai taimakon. Shi da singileti ya karɓi Olivera, tukwane a jibge ba wanki, akuyarsa na cin ɓawon burodi a ƙarƙashin tebur, ya kuma lissafa mata ciwonsa tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba ƙarya ya yi ba, ciwon sukari ya cinye rabin ganinsa. Shi dai bai rage komai ba wajen faɗa, kuma ko ruwa bai ba ta ba.

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Baba Zaga tsanani. Dobrila ma an rage mata aiki, dole ta kama wani a wurin gasa tattasai can gangare, sai ranar Lahadi take samun hawowa kyauta, Lahadi kuwa ba ta riƙe mako. Maƙwabta duk tsofaffi ne, kowa na fama da nasa jikin. Tsohuwa ta koma kwana da rigar da ta wuni da ita saboda maɓallai sun fi ƙarfinta. Murhu ya mutu, abinci ya koma burodi da cuku. Gashinta ya cukurkuɗe, ta ɗaure shi da kallabi ta bar shi. Abin da ya tayar wa gari hankali shi ne ranar da aka ga ƙofarta a kulle da rana tsaka. Ba a taɓa ganin haka ba, ko a makon da Stanoye ya rasu. Ta kulle ne don kada wani ya shigo ya ga gidan.

Sai kuma ta faɗi a hanyar ɗakin kaji. Tihomir ne ya ji kiranta ya tara mutane aka ɗaga ta. Ba ta karye ba, amma labari ya riga ya kai Ostiriya, Predrag ya bugo waya.

"Mama, na kama miki gado a Nish. Kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya zan zo in ɗauke ki."

"Kajina fa?"

"A yanka su."

"Kabarin ubanka fa, wa zai kai masa kyandir?"

"Mama, ke kika gaya musu kina iyawa. To ba kya iyawa. Ni kuma ba zan zauna nan ina jiran a bugo mini a ce an tsince ki a tsakar gida ba."

Ta san tsoro ne ke magana a bakinsa. Ita ma tsoron ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta taɓa kai wa wata ƙawarta ziyara a irin wannan gida. Wurin tsaf, ba laifi, an ma kawo mata shayi a kofin roba. Amma ƙawar tana zaune a bakin gado hannu rabbana, ba ta da ko cokalin da za ta miƙa wa wanda ya zo ganinta. Baba Zaga ta gane in ta shiga can, ita ce za ta zama baƙuwa har ranar mutuwarta.

Dobrila ce ta yi ta zirga-zirga a ofis har Olivera ta yarda ta sake zuwa. Ta kuma kafa wa tsohuwa sharaɗi, ta ce wannan karon ba tsintsiya, ba rigar coci, ba ƙarin ƙwaya, kuma in baƙuwa ta shigo ta zauna daram kada ta motsa. Tihomir ya ɗauki nauyin koyar da ita sauran, ya jawo kujera ya zauna gabanta.

"Maƙwabciya, abin ba wuya. In ta ce yaya jiki, ki ce wayyo. Gwada mu ji. Yaya jiki?"

"Mun gode Allah."

"Ba godiya na ce ba! Allah ya san kin gode, ita ba ruwanta. Ki ce wayyo, ki kama ƙugu."

"Wayyo," in ji Baba Zaga, kamar mai karanta sunan magani.

"Kai! Wallahi akuyata ta fi ki iya kuka."

"Ita ai a gidanka ta koya."

Tihomir ya tashi yana kaɗa kai, ya gaya wa Dobrila su fara neman mai sayen kaji.

Ranar ta zo. Dobrila ta tsaya a tsakar gida, don an ce kada ta shiga. Olivera ta tarar da murhu a mace, bokiti a gindin gado, sanda a gaban tsohuwa. Baba Zaga na zaune ta sunkuyar da kai, ji take kamar an tuɓe ta a kasuwa.

"Yaya jiki, Baba?"

"Lafiya lau."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta ji Dobrila ta yi tsaki daga waje. Olivera ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan tebur, teburin da babu komai a kansa. Ta hawo dutse da ƙafa, don motar ofis ta tsaya a gangare, kuma tsohuwa na kallo baƙuwar ta lashi leɓenta da ya bushe. Baba Zaga ta kawar da kai, ta tuna gadon Nish, ta tuna sharaɗin Dobrila. Ta sake duban hannuwan nan a kan tebur. Ina! Ta kama sanda ta fara yunƙurin tashi.

"Baba, zauna, ba na buƙatar komai."

"Ba a tambaye ki ba."

Tashin kaɗai ya ɗauki lokaci. Ta tura sanda, ta jawo ƙafa, ta tura, ta jawo, har ta kai kabad. A nan ta tsaya tana kallon tire, don sanda na son hannu biyu, tire ma haka. Ta bar shi. Ta rungumo kwalbar slatko da gefen hannuwanta ta jefa a aljihun zanen gabanta, ta haɗa da cokali, ta kawo tebur. Ta koma ɗebo ruwa, kafin ta iso rabinsa ya zube a ƙasa. Olivera ba ta rubuta komai ba.

Sai kwalba. Wannan karon ba wanda ya sassauta murfin. Ta danne ta a ƙirji ta murɗa, yatsun suka zame. Ta sa gefen zane ta sake, murfi ko gezau. Ta buga shi a bakin tebur kamar yadda take yi a da, kwalbar ta kusa suɓucewa. A nan hawaye suka zo. Ba ciwo ne ya sa ta kuka ba, ta saba da shi. Kunya ce, ga baƙuwa zaune a gidan Stanoye, ga slatko a hannunta, ta kasa ba ta.

"Ba na iyawa," ta ce da ƙaramar murya. "Na yi shekaru ban buɗe kwalba ba. Wancan zuwan naki Dobrila ce ta yi komai, har maɓallan rigata. Ni tsayuwa kawai na yi. Wanka ma tun Lahadi rabona da shi. Rubuta, in rubutawa za ki yi."

Olivera ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar ta buɗe. Ta ɗebi cokali guda ta sha, ta bi da rabin ruwan nan, ta ce hannunki ya yi albarka, kamar yadda baƙo ke cewa. Sannan ta cire rigar sama, ta durƙusa gaban murhu ta fara jera ƙirare.

"Ke! Baƙo ba ya taɓa murhu!"

"Yau kam ya taɓa. Ina kike ajiye ashana?"

Ta hura wuta, ta dafa musu gahawa su biyu. Suna sha ta ce, "Baba, ranar nan na ga hannunki na rawa. Na ga kuma yadda kika riƙe ƙyaure. Amma an ce mini in rage mutane, ba a gaya mini wa zan rage ba. Duk wanda ya ce yana iyawa sai in karɓa hannu bibbiyu, don in samu in yi barci. Ba zan yi miki alkawari ba, kuɗin ba a hannuna yake ba. Amma abin da na gani yau shi zan kai."

"Gahawar ta yi ruwa," in ji Baba Zaga tana share ido. "Amma kin yi ƙoƙari."

Aka shiga jira. Ganyen inabi ya fara ja yana zubowa, Predrag na bugowa yana tambayar girman akwatin da zai kawo. Wata safiya sai ga ƙararrawar keke tun daga gangare, da muryar Dobrila tana kwaɗa kira kamar gobara ta tashi.

"Baba Zaga! Ɗora ruwan wanka! Au, na manta ba kya iyawa, gwamnati ma ta shaida!"

An mayar da Baba Zaga cikin waɗanda ake zuwa wa gida. Ba sau uku ba, sau biyu a mako, kuma zuwa sabon kasafin kuɗi, bayan nan ba wanda ya san abin da za a yi. Gurbin ma ya samu ne don wani tsoho a unguwar sama ya riga mu gidan gaskiya. Baba Zaga ta tambayi sunansa, ta ce a kai masa kyandir coci a madadinta. A ranar nan Dobrila ta yi mata wanka da ruwan zafi, ta zauna ta warware gashin nan da haƙuri, tsohuwa na ihu tana zaginta, ita kuma tana dariya. Da aka gaya wa Predrag sai ya yi ta mita a waya, ya ce sau biyu ai bai isa ba. Daga ƙarshe ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce zai saki gadon Nish ɗin, zai kuma nemi wadda za ta riƙa cike rana ta uku. Uwarsa ta ji daɗi har cikin ranta, ta yi barcin rana a kan benci, bakinta a buɗe.

Washegari Rade mai itace ya biyo hanya da taraktarsa. A garinmu tun kafin sanyi ya kama kowa ke jera itacensa a jikin bango, kuma a duk unguwar bangon Baba Zaga ne kaɗai ba ko sanda ɗaya, don wanda ke jiran a zo a ɗauke shi ba ya sayen itace. Ta ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa, ya kashe inji.

"Baba Zaga, an ce tafiya za ki yi, shi ya sa nake wucewa. In sauke miki ɗan na kwana biyu?"

"Juye duka."

"Duka? Wannan fa na sanyin bana ne gaba ɗaya."

"Na ce juye. Ka faskara su ƙanana."

Rade ya ɗaga bayan tarakta, itace ya zubo a tsakar gida, kaji suka watse. Ya tattare hannun riga ya fara jerawa a jikin bango, ita kuma tana zaune tana bin sa da ido, har ya ɗauko wani gungume mai nauyi zai sa a gaba.

"A'a, ɗan nan, wannan ɗanye ne. Busassun a gaba, ɗanyun can baya. Waɗannan sai watan Maris zan kai gare su."